Darasi na Tara: Gauraya Launuka Uku Don Fitar da Hoton Baƙi da Fari

Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a Kano ya san rigar dogari: ja da kore, ƙyalle kusa da ƙyalle, tun daga nesa ake hango ta. Mai hoto ya ɗauke ta da kyamara ko da waya, ta fito tsaf. Sai kuma a ce ana son hoton a cikin ɗan littafin taro wanda za a buga da baƙar tawada kaɗai. Ya buɗe hoton a kwamfuta, ya latsa umarnin da ke mayar da shi baƙi da fari, sai ga riga ta koma toka guda, kamar da yadi ɗaya aka ɗinka ta. Kyamara ba ta yi laifi ba, maɗaba'a ma haka. Hasken jan da na koren ne suka zo ɗaya. Ido da launi yake rarrabe su, da launin ya tafi kuwa sai bambancin ya bi shi.

Gyaran wannan matsala shi ne aikin darasin nan. Hoton launi guda yana iya haifar da hotunan baƙi da fari iri-iri, kuma babu wanda za a nuna a cikinsu a ce shi kaɗai ne daidai. Dole wani ya yanke hukuncin launin da zai yi haske da wanda zai yi duhu. In mai hoto bai yanke ba, manhaja za ta yanke masa, ita kuwa ba ta san dogari ba, balle ta san abin da aka je ɗauka.

Hotuna uku a cikin guda

Idan aka yi ta ƙara girman hoto a kwamfuta, daga ƙarshe zai watse ya zama 'yan ƙananan murabba'ai. Kowane ɗaya shi ne fiksel, wato ɗigon hoto. Kwamfuta ba ta san sunan launi ba. Lambobi uku take ajiye wa kowane ɗigo: yawan jan haske, yawan kore, da yawan shuɗi. A hoton yau da kullum kowace lamba tana tsakanin 0 da 255. Sifili uku baƙi ne ƙirin, 255 sau uku fari ne fat, duk inda lambobin uku suka zo ɗaya kuma toka ce, mai duhu ko mai haske. Rawaya ba ta da lambar kanta. Ja ne da kore suka cika, shuɗi ya sauka ƙasa.

To, a ce an tsince lambobin ja kaɗai na dukan ɗigogin, an bar kowace a gurbinta. Abin da zai fito cikakken hoto ne, amma na baƙi da fari: inda ja ya yi yawa wurin ya yi haske, inda babu ja ya yi duhu. Haka na kore, haka na shuɗi. Su ne manhajoji ke kira canel. A darasin nan za a ce musu falle, domin kamar fallayen takarda uku suke da aka ɗora kan juna. A nan ne sababbin ɗalibai suka fi rikicewa, sukan zaci fallen ja zai fito ja wur. A'a, toka-toka yake fitowa, don aikinsa kawai ya nuna inda jan haske ya faɗi.

Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1861 masanin kimiyya James Clerk Maxwell ya sa aka ɗauki hoton wani ƙyallen ado sau uku, ta bayan gilashi ja, da kore, da shuɗi, sannan ya haska hotunan uku a bango ɗaya a Landan, launi ya bayyana. Bayan kusan shekara hamsin wani ɗan Rasha, Sergei Prokudin-Gorsky, ya zaga daular ƙasarsu da jirgin ƙasa yana ɗaukar hotuna ta wannan hanya. A 1911 ya ɗauki Alim Khan, sarkin ƙarshe na Bukhara, garin Imamu Buhari, yana zaune da takobi, sanye da shuɗiyar riga mai furanni da farin rawani. Farantan gilashin suna nan a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, wanda ya saye su a 1948. Wanda ya duba hotuna ukun a jere zai ga rawanin da haske a kowanne. Rigar kuwa a na shuɗi tana walƙiya, a na ja ta yi duhu kamar an tsoma ta a marina. Mutum ɗaya, zama ɗaya, riga uku.

Kyamarar zamani ma a kan wannan take. Farantin da ke karɓar haske a cikinta yawan haske kaɗai yake ƙidayawa, shi ya sa aka rufe kowane ƙaramin idonsa da ɗan gilashi mai launi. Tsarin da aka fi amfani da shi na Bryce Bayer ne, ma'aikacin kamfanin Kodak, wanda aka yi wa rajista a 1976: rabin idanun kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. Ɗalibi ya riƙe wannan rabo, zai yi masa amfani a gaba.

Mudu nawa daga kowane buhu

Mai haɗa abincin kaji yana da buhun masara, da na dusa, da na waken suya. Abin da zai samu ya dogara da mudu nawa ya ɗebo daga kowanne. Mayar da hoton launi baƙi da fari ma awo ne. Lambobi uku za a narkar su zama ɗaya, sai a ce kashi kaza daga ja, kashi kaza daga kore, kashi kaza daga shuɗi, a tara.

Injiniyoyin talabijin sun daɗe da tsayar da nasu awon, kuma yana cikin ƙa'idar bidiyo ta duniya ta 1982: kusan kashi 30 cikin 100 daga ja, 59 daga kore, 11 daga shuɗi. Da talabijin mai kaifin hoto ta zo aka sake shi zuwa kusan 21, da 72, da 7. Dalilin fifita kore shi ne idon ɗan Adam ya fi jin hasken kore da rawaya, shuɗi kuma duhu-duhu yake ganinsa. Manhajoji da yawa wannan awon ko makamancinsa suke bi idan aka ce su mayar da hoto toka. Awo ne mai gaskiya a kan haske, kuma sau da yawa yana wadatarwa. A rigar dogari ne gaskiyar tasa ta zama illa.

A gwada da lambobi. A ce ɗigon jan ƙyallen yana da ja 200, kore 40, shuɗi 40. Na koren ƙyallen kuma ja 30, kore 120, shuɗi 60. Da awon 30, 59, 11, jan ƙyalle zai ba da kusan 88, koren ya ba da kusan 86. Tsani mai matakala 256, an ajiye su tazarar taki biyu. Ba idon da zai raba su a takarda.

Yanzu a sake awo. Kashi 80 daga ja, 20 daga kore, ba a ɗebo komai daga shuɗi ba. Jan ƙyalle ya haura zuwa 168, koren ya faɗo 48. Riga ta dawo da ratsinta, haske kusa da duhu. A juya kuma: 10 daga ja, 90 daga kore. Jan ya koma 56, koren ya tashi 111. Ratsin yana nan, sai dai wanda yake haske ɗazu shi ne ya yi duhu yanzu. Wanne za a ɗauka? Sai an duba abin da ke bayan dogarin. In a jikin farin doki yake tsaye, jan da ya yi duhu ya fi fita. In a inuwar ƙofar fada yake, mai haske ya fi.

Akwai kuma umarnin da ya fi kowanne saurin latsawa, kuma ya fi kowanne ɓarna, wato na zuƙe launi kai tsaye. A manhajar Photoshop, wannan umarni babbar lamba da ƙaramar lamba kawai yake dubawa a cikin ukun, ya raba tsakani. Sakamakon haka rawaya zalla da shuɗi zalla duk kusan 128 suke sauka, alhali a awon talabijin rawaya 226 ce, shuɗi 29. Wanda ya taɓa ganin taswira ko jadawalin littafin makaranta ya dame a bugun baƙar tawada, to irin wannan aikin ya gani.

A gaban kwamfuta

Kafin a taɓa komai, a fara duba fallayen uku ɗaya bayan ɗaya. A Photoshop suna cikin akwatin da aka rubuta wa Channels, ana latsa kowanne a ga hotonsa. Minti ɗaya ne, amma shi ne rabin aikin, domin a nan ɗalibi zai ga fallen da fuska ta fi kyau a ciki, da wanda tufafi suka fi rabuwa, da wanda ya cika da datti.

Daga nan sai a buɗe mahaɗin, wanda sunansa a manhajar Channel Mixer. Gara a buɗe shi a matsayin shimfiɗar gyara da ke hawa kan hoto, ta yadda asalin zai zauna lafiya a ƙasa, ko gobe a iya dawowa a sake awo. A sa alama a ɗan akwatin Monochrome, nan take hoton zai zama toka, ma'aunai uku kuma su tsaya a 40, 40, 20. Kowane ma'auni yana tafiya daga 200 ƙasa da sifili zuwa 200 sama da shi. A ƙarƙashinsu akwai jimilla, kuma manhajar tana nuna alamar gargaɗi idan ta wuce 100.

Gargaɗin yana da dalili. Farar riga lambobinta uku duk a sama suke. In jimillar awo 100 ce, farin zai tsaya inda yake, toka ma ta tsaya inda take, launuka kaɗai ne za su motsa. In jimilla ta kai 130, duk tokar da ta haura 196 za ta buga rufi a 255. Aikin zare na babbar riga, da naɗin rawani, da gajimare, duk su shafe su zama fari fat, babu zane babu inuwa. Saboda haka ƙa'idar farko ita ce abin da aka ƙara wa wani ma'auni a rage shi daga wani. Ba doka ce ta har abada ba. Hoton da aka ɗauka da duhu yana iya jure 110 ko fiye, matuƙar ana kallon jadawalin haske, wato histogiram, a ga bai taru a bangon dama ba.

Wanda ba shi da kuɗin Photoshop bai rasa komai ba. GIMP kyauta ce, tun tsakiyar shekarun 1990 wasu ɗalibai biyu na jami'ar Berkeley a Amurka suka fara ta. Tun fitowarta ta 2018 mahaɗin yana ƙarƙashin Colors, sai Desaturate, sai Mono Mixer. Ita da ɓangaren ɗaya take awo maimakon kashi cikin ɗari, don haka ma'aunan suna farawa a 0.333 kowanne, kuma akwai ɗan akwatin da ke riƙe hasken hoto kada ya gudu yayin da ake motsa su. Lissafinta na ciki ya ɗan sha bamban da na Photoshop, saboda haka awo ɗaya ba zai ba da toka iri ɗaya sak a manhajojin biyu ba. Ido ne alƙali a nan.

Sama da gajimare

A watan Afrilun 1927 wani matashi ɗan shekara 25, Ansel Adams, ya hau dutse a gandun Yosemite na Kaliforniya da kyamarar katako da farantan gilashi. Lokacin da ya isa inda yake so, gaban wani ƙaton dutse da ake kira Half Dome, faranti biyu suka rage masa. Ya ɗauki na farko da gilashi rawaya a bakin kyamara, kamar yadda aka saba. Sai ya lura cewa sama za ta fito toka mai haske, dutsen ba zai yi kwarjinin da yake gani a ransa ba. Ya cire rawayan ya sa ja mai duhu, ya buɗe kyamara daƙiƙa biyar a kan faranti na ƙarshe. Sama ta fito kusan baƙa, dutsen ya tsaya a gabanta kamar bango. Hoton yana cikin waɗanda suka fara fito da sunansa.

Ƙa'idar da ya bi ita ce ta mahaɗi: gilashi yana haskaka launinsa, yana duhunta kishiyarsa. Bambancin kawai shi ne Adams dole ya zaɓa kafin ya ɗauka, yana kan dutse, ba halin gyara. Mai kwamfuta yana zaune a kujera ya gwada gilashi goma a hoto guda. Photoshop ma ta ajiye shiryayyun awo masu sunan tsofaffin gilasan, na ja, da ruwan lemo, da rawaya, da kore, da shuɗi.

A ce shuɗin sama yana da ja 90, kore 150, shuɗi 220. Awon talabijin zai ba da 140. Fallen ja kaɗai zai ba da 90. Mai son ya wuce nan sai ya shiga ƙasa da sifili: ja 120, kore 20, shuɗi 40 ƙasa da sifili, jimilla dai 100. Saman ta faɗo 50, farin gajimare kuwa yana nan wajen 238, domin shi lambobinsa uku kusan ɗaya ne. Abin da gilashi ba zai iya ba ke nan, cire wani launi daga wani.

Amma wannan sai da damina, bayan ruwa ya wanke sama. Da hunturu, idan hazo ya sauko, saman fara-fara ce, lambobinta uku sun kusa zama ɗaya, kuma abin da ba shi da launi mahaɗi ba ya iya motsa shi. Ɗalibi zai ja ma'auni har ƙarshe, saman tana nan yadda take, sai fuskokin mutane su lalace a banza. Irin wannan hoto da wani kayan aikin ake gyara shi.

Fata, lalle da tawada

A hoton mutum aka fi ganin ƙwarewa, a nan kuma aka fi yin ɓarna. Sinadarin da ke ba fata launinta ya fi shanye shuɗin haske, ya fi mayar da ja. Saboda haka kowace irin fata a fallen ja ta fi haske da santsi, a fallen shuɗi ta fi duhu, kuma duk ƙurji da tabo da ramin gashi a can suke taruwa. Kore yana tsakiya, shi ne kuma ya fi riƙe siffar fuska. Fatar da ɗigonta yake ja 120, kore 80, shuɗi 60 tana iya fitowa 120, tana iya fitowa 60, gwargwadon fallen da aka jingina a kai. Ninki biyu ke nan, ba a taɓa fitila ba.

Masu shirya fim sun daɗe da sanin haka. A fim ɗin Dr. Jekyll and Mr. Hyde na 1931, an shafa wa jarumin, Fredric March, kwalliya mai launi wadda ba ta fitowa ta bayan gilashi mai irin launinta. Mai ɗaukar hoto Karl Struss yana sauya gilashin a hankali, sai fuskar ta rikiɗe a gaban 'yan kallo ba tare da an yanke ɗauka ba. Masu fim ɗin The Lighthouse na 2019 sun yi akasin abin da mai situdiyo yake so: sun sa an ƙera musu gilashin da ke tare jan haske, domin fuskokin jaruman su fito da kaushi irin na hotunan ƙarni na 19, lokacin da farantan hoto ba sa ganin ja sosai.

Jarabawar mai situdiyo a nan take. Ma'aunin ja yana goge tabo kyauta, abokin ciniki kuma sau da yawa yakan ce a ɗan haska shi. In aka biye wa ma'aunin har 90 ko 100, leɓe zai ɓace cikin fuska, kumatu su baje, mutum ya fito kamar an shafe shi da man bilicin, danginsa ma sai sun duba sau biyu. Wurin farawa mai kyau shi ne ja 50 zuwa 60, kore wajen 40, shuɗi abin da ya rage. Fuskar dattijo kuwa, wadda tamojinta da zanenta su ne labarin, kore ya kamata a ƙara mata, har da ɗan shuɗi. Mai son ganin yadda baƙar fata ke ɗaukar haske a hoton baƙi da fari ya nemi aikin Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyo a Bamako a 1948. Yakan zaunar da mace mai atamfa a gaban labule mai zane, amma fuska ta fita, atamfa ta fita, labule ya koma baya. Haka hotunan kitso da J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara tarawa a Nijeriya a 1968.

Hannun amarya ma gwaji ne mai kyau. Baƙin lalle baƙi ne a kowane falle, ba ruwansa da awo. Jan lalle kuwa a fallen ja yake narkewa cikin tafin hannu. A ce tafin ja 190, kore 140, shuɗi 120, lallen kuma 150, da 60, da 30. Tazararsu a ja 40 ce kacal, a kore 80, a shuɗi 90. Wato awon da ya gyara fuskar amarya shi ne zai cinye kwalliyar hannunta. In duka biyun suna hoto ɗaya, sai a yi shimfiɗar gyara biyu, ɗaya ta fuska, ɗaya ta hannu, kowace a rufe mata inda ba nata ba.

Masu shagon kwamfuta da ke kwafe takardu suna cin karo da wannan kullum, ko da ba su san sunansa ba. Rubutun shuɗin biro a fallen ja yake fita baƙi, a na shuɗi ya dusashe. Jan hatimi akasin haka. Tsohuwar takardar da ta yi rawaya-rawaya, fallen ja yana mayar da ita fara, ya goge yawancin tabon ruwa da na tsufa. Sai dai a yi hattara da rubutun hannu na malamai. A Alƙur'anin da mahaddata ke rubutawa a ƙasar Hausa da Barno, baƙaƙe da baƙar tawada suke, wasulla da ja, hamza kuma ɗigo ne rawaya. Wanda ya zaɓi fallen ja don takarda ta yi fari zai tarar wasullan sun kusa ɓacewa. Kore ne ke riƙe jar tawada da duhu. Rawayan ɗigo kuma haske yake yi a ja da kore duka, shuɗi kaɗai ke kama shi, shi kuwa shuɗin yana duhunta takardar. Don haka kore ake ba kaso mafi tsoka, a ɗan ƙara shuɗi har ɗigon ya bayyana, kuma a ajiye kwafin launi ko da me za a yi.

Inda ake tuntuɓe

Fallen shuɗi shi ne ya fi rauni. An ga cewa rubu'in idanun kyamara kawai yake da shi, ga shi kuma a ƙarƙashin ƙwan fitila mai ja-ja shuɗin haske kaɗan ne, sai kyamara ta ƙara masa ƙarfi, datti ya ƙaru tare da shi. Duk awon da ya ɗora wa shuɗi nauyi, ko sama da sifili ko ƙasa, zai jawo wannan tsaki-tsakin ya baza a hoto. Sai a ƙara girman hoto zuwa kashi 100 a duba sama da inuwa kafin a ce an gama.

Nau'in fayil ma yana da tasiri. Tsarin JPEG yana kiyaye haske sosai amma yana rage bayanin launi don fayil ya yi sauƙi, kuma yana yanka hoto gida-gida, ɗigo 8 a tsaye 8 a kwance. Ido ba ya lura da hakan a hoton launi. Mahaɗi kuwa a kan bayanin launin nan yake aiki, don haka da an matsa masa sai gidajen su fito, sama ta yi layi-layi kamar matakala. Hoton da ya bi ta WhatsApp an sake matse shi, ya fi saurin fashewa. Mai kyamarar da ke ɗaukar RAW ya yi amfani da shi, ya kuma yi gyaran a zurfin bit 16, inda matakan haske suka kai dubbai maimakon 256. Haka nan kada a sa kyamara ta ɗauki JPEG na baƙi da fari tun farko in ana da niyyar gauraya, domin ta riga ta yi awonta ta zubar da sauran.

A 2007 Photoshop ta ƙaro wani kayan aiki mai suna Black & White, mai ma'aunai shida. Manhajar Lightroom tana da takwas, har da na ruwan lemo, inda yawancin launin fata yake. Waɗannan sun fi sauƙin sarrafawa, domin ana iya duhunta shuɗi ba tare da fuska ta motsa sosai ba. Suna da nasu abin mamakin: ganyen bishiya da ciyawa sun fi amsa wa ma'aunin rawaya fiye da na kore. Suna kuma da nasu aibin, don in aka ja launuka biyu maƙwabta, ɗaya sama ɗaya ƙasa, sai wani siririn farin layi ya zagaye bakin rufi ko reshen bishiya. Tsohon mahaɗi mai ma'auni uku ya fi taurin kai, amma sauyin tokarsa ya fi laushi, kuma shi ne ke koya wa mutum dalilin abin da yake gani. A waya, manhajar Snapseed tana da gilasan launi a sashenta na baƙi da fari, aikinsu ɗaya da abin da aka bayyana.

Hoto mai launi ɗaya ba lalle ne ya zama toka ba. Bayan an gama awo ana iya rina shi ruwan ƙasa irin na tsofaffin hotuna, ko shuɗi irin na bugun da John Herschel ya ƙirƙiro a 1842. Rinin a ƙarshe yake zuwa, kuma ba ya raba abin da awo ya haɗe.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya ɗauki hoto guda wanda ja da kore suke kusa da juna a ciki, tiren tumatir da ɗanyen tattasai a kasuwa ya isa. Ya duba fallayen uku, ya rubuta a littafinsa abin da ya yi haske da abin da ya yi duhu a kowanne. Sannan ya fitar da baƙi da fari iri uku: ɗaya da umarnin manhaja kai tsaye, ɗaya da ja ya rinjaya, ɗaya da kore ya rinjaya, jimillar awo 100, ya rubuta lambobin a bayan kowanne. Ya maimaita da fuskar wani na gida, bayan ya nemi izininsa.

Kowane gwaji a ajiye shi da sabon suna. Da zarar ɗigo ya zama 88, babu manhajar da za ta iya tabbatar da cewa daga jan ƙyalle ya fito ko daga kore. Wanda ba shi da kwamfuta ya yi da waya, kuma kowa ya zo aji na gaba da asalin hoton mai launi, wanda bai bi ta WhatsApp ba.